Magajin Mai Yankan Farce

Idan ka shiga Kusada ka ce kana neman gidan Malam Abdulbaƙi, sai a tsaya ana kallon-kallo, wani ma ya tura ka wurin wani tela can bayan kasuwa. Amma ka ce Magaji malamin gona, ko akuya ka tambaya sai ta nuna maka ƙofar. Ba sunan yanka ba ne, kuma bai gaji kowa ba a garin. Ranar da aka laƙaba masa sunan ko turken jaki bai mallaka ba a Kusada.

Mutumin Bakori ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, kullum da malafa a ka da tsohon babur mai tari kamar tsoho ya sha taba. Aljihunsa ba ya rabuwa da ƙwayar iri, har matarsa Adawiyya ta gaji da tsintar wake a cikin ruwan wanki. Manoman Dudunni da Bauranya da Mawashi sun san shi da naci. Idan ya kama ka da maganar tazarar shuka, ko ta adana wake a buhu mai leda ba tare da an barbaɗa magani ba, to ka nemi inuwa ka zauna, don sai ya kai ƙarshe. Sun yi masa gardama shekara uku, daga baya suka koma suna gaya masa dabarar kamar su suka ƙirƙiro ta. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce lallai sun yi tunani.

Yadda aka yi ya zauna a Kusada kuwa, labari ne da shi kansa ba ya bayarwa sai an matsa masa.

A bazarar shekarar dubu biyu da goma sha uku takardar canjin wurin aiki ta same shi. An ba shi ƙauyukan ƙasar Kusada, a kama aiki kafin ruwa ya sauka. Takarda ba ta faɗi inda mutum zai kwana ba, wannan ruwansa ne. Garuruwa biyu ne a gabansa. Ga Kankia a kan babban titin Kano zuwa Katsina, da asibiti babba, da makarantu, da mota ko yaushe ka fito. Ga kuma Kusada, can ciki, kusa da gonakin da zai riƙa zagayawa. Abokin aikinsa Kabir, wanda ya daɗe a yankin, ya ce masa a waya kada ma ya wahalar da kansa, duk ma'aikata a Kankia suke zama, da safe kowa ya hau babur. Har ya samo masa gida mai famfo a tsakar gida.

Adawiyya tana jin an ce famfo ta fara naɗe labule. Tana da yara uku ga ciki, kuma ta sha jan guga a Bakori har tafin hannunta ya yi kanta. A wurinta magana ta ƙare.

Saura mutum ɗaya, mahaifiyarsa, Inna Zuliha. Shi kaɗai ta haifa, a hannunsa take, barinta a Bakori ba ya cikin lissafi. Ya same ta da hantsi tana tsince shinkafa a faifai, ya durƙusa ya jero mata asibiti da famfo da titi. Ta bar shi ya gama tas, ba ta ɗago ba.

Sannan ta ce, "Ka dubo makabartarsu?"

Ya ce, "Inna, makabarta kuma? Lafiyarki ƙalau."

"Shi ma lafiyarsa ƙalau ya fita daga gidan nan."

Ya san wa take nufi. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa, Malam Sada, ya tafi ci-rani Shagamu, yana dakon goro. Wata biyar babu labari, sai ga wani direba ya zo ya tsuguna a zaure ya ce ya ji an ce Sada ya rasu, ciwon ciki. Shi ma ji ya yi a bakin wani. Bai san ranar ba, bai san wanda ya yi masa wanka ba, bai san ko an samu mutum uku sun tsaya a kansa ba. Inna ta yi takaba ba ta ga fitar makara ba. Masu gaisuwa ma sai suka riƙa zuwa ɗai-ɗai suna inda-inda, don wasu ba su gaskata ba. Shekara talatin da biyu abin nan yana cinta, ba ta taɓa zama ta yi maganarsa da ɗanta ba sai ranar.

Ta ajiye faifan ta ce, "A nan ko yanzu na faɗi, na san wadda za ta juya ni, na san masu ɗaukata. Can wa ya san ni? Ina jin tsoro, ka ji na gaya maka. Ba mutuwar nake tsoro ba, mutuwar baƙunta nake tsoro. Ka je ka dubo duka biyun, ka zo ka faɗa mini abin da idonka ya gani. In hankalina bai kwanta ba, ku tafi, ni ku bar ni."

Da Adawiyya ta ji, sai da ta tafa hannu. "Yau na ji ikon Allah! Mutane suna zaɓen gari don inda za su rayu, mu za mu zaɓa don inda za a rufe mu." A ɗaka ta faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, don ta san Inna ba ta da ciwon kunne.

Kankia ya fara zuwa. Kabir ya nuna masa gidan, ya murɗa famfo ruwa ya zubo, Abdulbaƙi ya ji zuciyarsa ta zauna a nan. Da ya ce a kai shi makabarta, Kabir ya dube shi sama da ƙasa, ya kai shi. Wuri ne mai faɗi, a share, da inuwa, babu abin kushewa. Ya tsaya ya yi wa mamata addu'a, ya rasa me kuma ake dubawa. Wallahi har ya juya kan babur zai kama hanyar gida, ya ce wa Inna duka biyun lafiya lau. Sai dai bai taɓa yi mata ƙarya ta tsaya ba, kallo ɗaya take yi masa ta ce sake dai. Dole ya karya kan babur ya nufi Kusada, yana tsaki shi kaɗai.

Ya shiga garin ana fitowa daga sallar azahar, rana tana dukan ƙeya. Abin da ya fara lura da shi, rumfuna a buɗe babu masu su. Mai nama ya rufe tire da takarda ya tafi, mai faci ya bar taya a cikin ruwa. Can ya hango jama'a a filin gaban masallaci, ga makara a ajiye. Ya ce a ransa lallai wani babba ne ya faɗi. Ya jingine babur, ya yi alwala, ya shiga sahun baya, ga ladan jana'iza ga kuma masu nuna masa hanyar makabarta ba sai ya tambaya ba.

Kafin a tayar, liman, wani siririn dattijo da ake kira Malam Hussaini, ya juyo ya ɗaga murya. Ya ce wannan bawan Allah baƙo ne, mai yankan farce, kasuwa uku ke nan yana zuwa garin. Zazzaɓi ya kayar da shi a rumfar masallaci, an yi magani kwana biyu, yau da safe Allah ya karɓi abinsa. Ba a san sunansa ba, da harshensa dai kamar mutumin wajen Maraɗi. An aika cigiya tasha, an gaya wa direbobin Kankia, har yanzu babu wanda ya zo, ga zafi, ba za a ƙara jira ba. "Yau mu ne danginsa," in ji shi. "Ku daidaita sahu."

Daga inda Abdulbaƙi yake a baya ya ƙirga sahun, tara cif, kowanne ya miƙe har bakin katanga. Wani na kusa da shi yana gaya wa maƙwabcinsa cewa likkafanin ma na liman ne, wanda ya ajiye wa kansa a ƙasan adaka.

A makabarta ƙasa ta yi tauri, sai da diga. Wanda ya fi kowa zufa wani dogo ne mai murya kamar ganga, Ɗanmaliki mai awon hatsi, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, yana cikin rami har ƙirji yana ba da umarni ga mutanen da ba su tambaye shi ba. Aka saukar da mamaci a hankali, ana cewa a tallafi kai, a tallafi kai. Aka jera itace, aka kwaɓa laka ana toshe kafofi da tafin hannu, kamar masu yi wa ɗakin amarya yaɓe. Abdulbaƙi yana kallo, sai ya daina ganin mai yankan farce. Ubansa yake gani, wanda ko fuskarsa ba ya iya tunawa sosai, kwance a wata ƙasa mai jan laka, yana tambayar kansa ko shi ma an tallafi kansa haka. Kuka ya ƙwace masa, ba irin na maza da ake sharewa da gefen hula ba, kuka sosai har kafaɗa tana rawa.

To, ka sa kanka a matsayin mutanen Kusada. An aika cigiya da safe. Ga baƙo da ba wanda ya taɓa gani, jikinsa duk ƙurar hanya, yana rusa kuka a bakin kabarin da babu mai kuka. Me za ka ce?

Ɗanmaliki ya ɗago ya gan shi, ya daka tsawa. "Jama'a, ku ba shi hanya! Ga ɗan'uwanshi nan Allah ya kawo!"

Kafin ya buɗe baki an tura shi gaba, an kama hannunsa an cika masa da ƙasa, an ce shi zai fara zubawa. Ya so ya ce ba haka ba ne, murya ta ƙi fita. Ya zuba. Kai, daga nan kuma ai sai abin ya fi ƙarfinsa. Aka rako shi zauren liman, wani ya turo masa baburinsa, aka shimfiɗa sabuwar tabarma aka zaunar da shi a tsakiya. Mutane suka yi layi. Kowa ya durƙusa ya kama hannunsa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanshi, mutumin kirki ne, ba ya da hayaniya." Wani tsoho ya nuna masa faratansa ya ce marigayin ne ya yanke masa ranar kasuwa, ko ɗigon jini babu. Me Abdulbaƙi zai ce? Sai ya riƙa cewa, "Da godiya." Tun yana jin kunya har ya ji gaisuwar tana shiga wani wuri a ƙirjinsa da ya daɗe a bushe. Ga fura ta fito daga cikin gida, ga tuwon dawa daga maƙwabta, har kwano huɗu, ana ta ce masa ya daure ya sa wani abu a cikinsa.

Sai da liman ya ɗauko wata 'yar jakar buhu ya ajiye a gabansa, ya ce ga abin da marigayi ya bari, almakashi uku da ɗan soso da bargo da buta, a duba a gani, sannan Abdulbaƙi ya ga in bai yi magana yanzu ba ya zama ɓarawon gado.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ku yafe mini. Wallahi ban san shi ba. Ni malamin gona ne daga Bakori, an yi mini canji zuwa nan."

Ɗanmaliki ya saki baki, ya dubi kwanonin tuwo, ya dube shi. "To kukan mi kake yi, bawan Allah?"

Ya gaya musu. Ya faɗi Shagamu, ya faɗi direba, ya faɗi tsohuwar da ta aiko shi duba makabarta kafin ta yarda ta hau mota. Yana gamawa ya sunkuyar da kai, yana jiran a yi masa dariya ko a ce ya ɓata musu lokaci.

Malam Hussaini ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Gaisuwa dai mun riga mun yi, ba kuwa za mu karɓe ta ba. Ka ɗauka ka kai wa mahaifiyarka. Ka ce ta mijinta ce, a hanya ta daɗe."

Sai ga wata murya daga bayan ƙyauren cikin gida, ashe an kasa kunne. Haulatu ce, yayar liman, wadda take yi wa matan unguwar wanka idan sun rasu. Ta ce, "A gaya wa tsohuwar nan ta taho. In ta riga ni, ni zan yi mata. In na riga ta, ita za ta yi mini. Kowa ya ji, ya zama shaida."

Ɗanmaliki kuwa da ya ga abin zai koma kuka, sai ya tura wa baƙo kwano ya ce, "Ci tuwonka, Magajin mai yankan farce. Gado dai ka ƙi, tuwo ba ka isa ba." Zaure ya fashe da dariya, sunan kuma ya zauna daga ranar. Jakar aka rataye ta a ƙusa a bangon zauren, ko masu ita za su zo wata rana.

Washegari ya isa Bakori. Ya fara ba Inna labarin Kankia, da shara da inuwa, ta ce ya wuce nan. Ya ba ta na Kusada tun daga tiren mai nama har saƙon Haulatu. Tambaya biyu kawai ta yi.

"Sahu nawa?"

"Tara, Inna."

"Kuma ba su san shi ba?"

"Ko sunansa."

Ta juya fuskarta wajen bango, ta daɗe. Da ta juyo idonta jajur, ta ce, "Ashe ana yi. To wataƙila shi ma ya faɗa hannun irinsu." Ta share fuska da gefen zane ta ce a fara ɗaure kaya, a bar mata turminta ita za ta ga yadda aka ɗora shi.

Kada a yi ƙarya a ce Adawiyya ta yi murna. Kwana uku tana ajiye masa abinci da ƙarfi. Gidan da suka samu a Kusada rijiya ce da shi, mai zurfin tsiya, kuma ranar da naƙuda ta zo da gardama sai da aka kwashe ta a motar hatsin Ɗanmaliki zuwa asibitin Kankia, tana kwance a kan buhunan gero tana faɗa wa mijinta maganganun da daga baya ta ce ba ta tuna ba. Har gobe idan sun bi ta Kankia sai ta nuna gidan nan ta ce wa yara, "Ga famfonmu can, ku gaishe shi." Amma da aka yi masa tayin komawa Katsina bayan shekara shida, ita ta fara cewa ina, wa zai bar mata maƙwabtanta.

Inna Zuliha kuwa, wadda ta zo tana tsoron babu mai saninta, ba ta yi wata guda ba ta zama ƙawar Haulatu ta ƙut da ƙut. Tare suke cin goro, tare suke faɗa a kan wa ta fi iya kaɗa miyar kuka. Haulatu ta fara jan ta zuwa gidajen rasuwa, tun tana riƙe buta har ta koma tana yi da hannunta. Da Haulatu ta riga ta, shekara bakwai da zuwansu, ita ta cika alkawari, ta fito daga ɗakin tana cewa an yi mata wayo. Daga nan duk macen da ta rasu a unguwar, ƙofar gidan Magaji ake bugawa. Ita kuma ta jawo Adawiyya da 'yar Haulatu ta koya musu, tana faɗa tana ƙarawa cewa a tausasa hannu, wanda ke kwance yana jin kunya kamar kowa.

A daminar shekarar dubu biyu da ashirin da biyu ta rasu, da hantsi, bayan jinyar kwana biyar. Adawiyya da 'yar Haulatu suka yi mata wanka kamar yadda ta koya musu. Lokacin noman farko ne, ranar da manomi ba ya ɗaga kai ko sunansa ka kira. Magaji ya ce wa kansa duk wanda bai zo ba yana da uzuri. Sai ga su nan a kan babura, uku-uku, daga Dudunni, daga Bauranya, daga Mawashi, ƙafafu duk laka, wasu da fartanya a saɓe don daga gona labari ya same su. Mutanen nan da ya ishe su da maganar tazarar shuka. Mai nama ya sake rufe tire.

Shi yana sahun gaba, dab da makara, babu halin waiwaye. Abin ya dame shi har cikin kabbara, Allah ya yafe masa, yana so ya juya ya ƙirga sahu, ya kasa.

Bayan an dawo aka shimfiɗa masa tabarma a zauren Malam Hussaini, don nasa ya yi kaɗan. Jakar mai yankan farce tana nan a ƙusarta, ta yi baƙi da hayaƙi, ba wanda ya zo, ba kuma wanda ya taɓa. Layi ya miƙe har waje. Can sai ga Ɗanmaliki, ya tsufa, ya ranƙwafa, ƙasar kabari har gwiwar hannu, don ya hana matasa shiga ramin. Ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannun Magaji da hannu biyu. Mutumin da ake jin muryarsa daga tasha, yau sai da ya matso da bakinsa kusa da kunne.

Ya ce, "Goma sha huɗu, Magaji. Na tsaya baya na ƙirga kafin in shiga. Na san abin da za ta fara tambayarka ke nan."

Magaji ya riƙe hannun nan mai laka, ya ƙi saki.

"Da godiya," in ji shi.